Madam C.J. Walker: Mai wankau da ta zama attajira da man gashi

Duk wanda ya taɓa zama a rumfar kayan kwalliya, ko a kasuwar Maraɗi ce ko ta Ƙonni ko Illela ko Jibiya, ya san irin cinikin da ake yi a wannan zamani. Yarinya za ta zo da wayar salula a hannu, ta nuna hoton wata 'yar fim da take matuƙar ƙauna, ta ce ita man da wannan take shafawa take nema. Mai rumfa kuwa, shi ma bai san abin da 'yar fim ɗin take shafawa ba, amma sai ya miƙo wanda ya fi kawo riba, ya rantse cewa shi ne. Idan man ya yi, to. Idan kuma ya ɓata fuska, sai a ce jikinta ne bai karɓa ba.

Wannan ne ya sa a yau muka ɗauko tarihin wata baƙar fata 'yar ƙasar Amurka wadda ta rasu tun 1919, wato Madam C.J. Walker. Ita ma kayan kwalliya ta sayar, kuma da tallar gida-gida ta fara, kamar yadda dillalanmu mata suke yi. Abin da ya bambanta ta da sauran masu wannan sana'a a zamaninta shi ne, ciwon da take sayar da maganinsa ita ma ta yi fama da shi, sannan hoton da ta manna a jikin gwangwanin nata ne, ba na wata tauraruwa ba. Da wannan ta tashi daga bakin bahon wanki har ta shiga sahun mata mafiya dukiya a ƙasarta.

Haihuwa da maraici

Sunanta na yanka Sarah Breedlove. An haife ta ranar 23 ga watan Disamba na 1867 a wani gandun auduga kusa da ƙauyen Delta, a jihar Luwiziyana da ke kudancin Amurka, a gaɓar kogin Misisifi. Mahaifinta Owen da mahaifiyarta Minerva bayi ne a wannan gandu, haka ma yayyenta duk a cikin bauta aka haife su. Shugaba Abraham Lincoln ya yi shelar 'yanta bayi a 1863, aka kuma soke bautar baki ɗaya a tsarin mulkin ƙasar a 1865, saboda haka Sarah ce ta farko a ɗakinsu da aka haifa 'ya.

Sai dai 'yancin da babu gona babu jari bai canza abubuwa da yawa ba. Iyayen sun ci gaba da noman auduga a ƙasar da ba tasu ba, kuma wahala da cututtuka ba su bar su sun daɗe ba. Mahaifiyar ce ta fara rasuwa, ba a jima ba mahaifin ya bi ta, Sarah tana 'yar shekara 7 ta zama marainiya gaba da baya. Daga bisani ta tsallaka kogi zuwa garin Vicksburg na jihar Misisifi, inda ta zauna a hannun yayarta Louvenia da mijinta Jesse Powell, tana aikatau a gidajen mutane. Karatun boko kuwa, abin da ta samu tana yarinya bai wuce na wata 3 ba, shi ma a makarantar coci.

Mijin yayar tata mutum ne mai zafin hannu, kuma zaman gidan ya gagare ta. A 1882, tana shekara 14, ta auri wani mai suna Moses McWilliams, kuma ita da kanta ta sha faɗa daga baya cewa neman tsira daga wancan gida ne ya kai ta ga auren. Ta haifi 'yarta Lelia a watan Yuni na 1885, wadda ita kaɗai ce haihuwarta a duniya. A 1887 mijin ya rasu. Ga ta nan 'yar shekara 20, bazawara, da goyon 'yar shekara 2, babu gado, babu karatu.

Shekarun wankau

A wajen 1888 ta ɗauki 'yarta suka haura arewa zuwa birnin St. Louis na jihar Missouri, inda 'yan uwanta maza suke da shagon aski. A can ta kama sana'ar wankau. Mai karatu ya tuna cewa a wancan lokaci babu injin wanki a gidaje: a ɗebo ruwa, a tafasa shi a kan wuta, a cuɗa tufafi da hannu da sabulu mai kaifi, a shanya, sannan a yi guga da dutsen guga mai nauyi. Abin da take samu a rana bai wuce dala ɗaya da rabi ba. Kimanin shekara 18 ta yi tana wannan aiki.

A cikin waɗannan shekaru abu biyu suka riƙe ta. Na farko burinta na ganin Lelia ta yi karatun da ita ba ta samu ba, kuma da kuɗin wankau ɗin ta sa ta a makaranta, har daga baya ta tura ta kwalejin Knoxville da ke jihar Tennessee. Na biyu kuwa cocin da take zuwa, mai suna St. Paul, inda ta shiga ƙungiyar mawaƙa ta kuma haɗu da mata baƙaƙen fata masu ilmi, malaman makaranta da shugabannin ƙungiyoyi. A wurinsu ta ga yadda mace take shirya taro, take tara kuɗin taimako, take tsayawa gaban jama'a ta yi magana. A 1894 ta sake aure da wani John Davis, amma auren bai yi daɗi ba, suka rabu a wajen 1903.

Lokacin da gashi ya fara zubewa

Ana cikin haka sai wata matsala ta taso mata: gashinta ya fara zubewa, ga amosani, ga ƙaiƙayi, har wasu wurare a kanta suka zama sanƙo. Kuma ba ita kaɗai ba ce. Gidajen talakawa a lokacin ba su da famfo, ga sanyin hunturu mai tsanani, saboda haka mata da yawa sukan daɗe ƙwarai ba su wanke kai ba. Datti da maiƙo su taru, cutar fatar kai ta samu wurin zama. Idan kuma an tashi wankewa, sabulun da ake da shi mai cin fata ne. Ga rashin abinci mai gina jiki, ga gajiya da damuwa. Manyan kamfanonin Turawa kuwa ba su damu da gashin baƙar mace ba, in ma sun kula, to abin da suke tallata mata shi ne man da zai mai da ita kamar Baturiya.

Akwai wata baƙar fata a St. Louis mai suna Annie Turnbo, wadda daga baya aka fi sani da Annie Malone, mai kamfanin Poro. Ita ta riga Sarah shiga wannan sana'a, tana haɗa man gashi tana ba mata suna yi mata talla. Sarah ta gwada man, ta ga amfaninsa, kuma a wajen 1904, shekarar da aka yi babbar kasuwar baje koli ta duniya a birnin, ta zama ɗaya daga cikin masu sayar mata da kaya a kan la'ada. A nan ta koyi yadda ake ƙwanƙwasa ƙofa, da yadda ake shawo kan mai saye.

A watan Yuli na 1905, tana shekara 37, ta koma birnin Denver na jihar Colorado, can yamma, da kayan Annie a jakarta. Ta yi aikin girki don ta riƙe kanta, da dare kuma tana gwada haɗe-haɗen nata man. A watan Janairu na 1906 ta auri Charles Joseph Walker, wani mai nemo wa jaridu talla da ta sani tun a St. Louis. Daga sunansa ta samo C.J. Walker, ta ƙara da Madam a gaba, irin yadda matan Faransa masu sana'ar kwalliya suke kiran kansu. Zaɓen wannan suna yana da dalili. A zamanin, Bature ba ya kiran baƙar mace da laƙabin girmamawa komai shekarunta, sai dai ya kira sunanta gatsau. Wadda ta rubuta Madam a jikin kayanta kuwa, duk wanda zai ambaci kayan dole ya girmama ta.

Abin da ke cikin gwangwanin

A wannan shekara ta daina sayar da kayan Annie ta fito da nata, mai suna Madam Walker's Wonderful Hair Grower. Ita dai ta riƙa ba da labari cewa a mafarki aka nuna mata haɗin, har da wasu sinadaran da aka ce ta nemo daga Afirka. Annie kuwa ta zarge ta da kwaikwayon nata, kuma gabar da ta shiga tsakaninsu ba ta ƙare ba har mutuwa ta raba. Gaskiyar magana ita ce, tushen haɗin tsohon abu ne da masu magani suka daɗe da sani: basilin da farar wuta. Farar wuta tana kashe cutar fatar kai tana kuma rage amosani. Madam ta haɗa da man kwakwa da kakin zuma, ta sa turare don ya danne warin farar wutar.

Abin da ta ƙara na kanta shi ne tsari. Ba gwangwani kawai take miƙa wa mace ta karɓi kuɗi ta wuce ba. Takan zaunar da ita, ta wanke mata kai da sabulun ruwa da ta haɗa, ta murza fatar kan sosai, ta shafa man, ta taje, sannan ta bi da matajin ƙarfe mai ɗumi da wani mai da ta kira Glossine. Ta kuma koya wa matar ta riƙa wanke kai a kai a kai. Da yake rashin wankin ne tushen ciwon, sai mata suka ga gashi yana dawowa, labari ya bazu daga baki zuwa baki. Wasu suna cewa ita ta ƙirƙiro matajin ƙarfe mai zafi, amma ba haka ba ne, ana amfani da shi tun kafin ta shiga sana'ar. Ita kanta ta sha musanta cewa miƙar da gashi take yi, ta ce aikinta warkar da fatar kai ne da tsirar da gashi.

A tallarta ta jaridu ta sa hotunanta, na lokacin da gashin ya zube da na bayan ya cika. A jikin gwangwani ma fuskarta ce, baƙar mace kamar masu sayen. Wadda ta saya ta san mai kayan, ta san adireshinta, kuma in kayan bai yi ba ta san wadda za ta kama.

Farar riga da baƙin siket

Madam da mijinta sun shafe fiye da shekara suna zagaya jihohin kudu da na gabas. Duk garin da suka sauka sai ta nemi coci ko zauren wata ƙungiya, ta tara mata, ta gwada kayan a kan ɗaya daga cikinsu kowa yana gani, sannan ta bar wakiliya a garin. Lelia kuma tana Denver tana aika kaya ta gidan waya ga masu oda. A 1908 suka koma birnin Pittsburgh, inda ta buɗe shagon gyaran gashi da makarantar koyar da sana'ar, ta sa mata suna Kwalejin Lelia. A 1910 ta sake tashi zuwa Indianapolis, saboda birnin mahaɗar layukan dogo ce, kaya suna iya fita ta kowace kusurwa. Duk ɗan kasuwar kan iyaka ya san wannan lissafi: inda hanya ta haɗu, nan ake kafa rumfa. A can ta gina masana'anta, ta yi wa kamfanin rajista a 1911, ita kaɗai ce mai hannun jari.

Da yake ta san gwargwadon karatunta, sai ta ɗauki masu ilmi aiki ba tare da jin kunya ba. Ta damƙa wa wani matashin lauya, Freeman B. Ransom, harkar shari'a da lissafin kamfani. Ta ɗauko wata malamar makaranta, Alice Kelly, ta shugabanci masana'anta, kuma ita ce take ƙara mata karatu da rubutu a gida. Mijinta kuwa, ra'ayinsu ya saɓa, shi yana ganin abin da ake samu ya isa, ita tana hangen gaba, ga kuma matsalolin cikin gida. A 1912 suka rabu, amma ta riƙe sunan, domin ya riga ya zama tambarin kaya.

Babban ƙarfin kamfanin wakilansa ne mata. Mace takan yi kwas, ko a makarantar ko ta wasiƙa, ta karɓi takardar shaida, sannan ta fara sana'a a unguwarsu. Akwai shigar da aka san su da ita: farar riga, dogon baƙin siket, da baƙar jaka mai ɗauke da kayan aiki. Madam ta matsa ƙwarai a kan tsabta, domin a ganinta wadda za ta shiga gidan mutane ta taɓa kan matar gida, dole jikinta da tufarta su fara ba da shaida kafin bakinta. Akwai kuma wani abu a ƙarƙashin wannan shiga. Yawancin matan nan masu wankau ne da 'yan aikatau da masu tsinkar auduga, waɗanda aka saba gani da tufafin aikin gidan wani. Ranar da mace ta sa farar rigar nan ta rataya jaka, unguwa takan gane cewa yanzu kanta take yi wa aiki. Zuwa 1917 kamfanin ya ce ya horar da mata kusan 20,000.

Kasuwar ba ta tsaya a Amurka ba. A ƙarshen 1913 Madam ta shiga jirgin ruwa ta zagaya Jamaika da Haiti da Kyuba da Fanama da Kosta Rika, tana kafa wakilai. A 1917 kuma ta tara wakilanta kimanin 200 a birnin Filadelfiya, taron da ake lissafawa cikin na farko-farko na mata 'yan kasuwa a ƙasar. A wurin ta raba kyaututtuka, kuma ba wadda ta fi ciniki kaɗai ta samu ba, har da reshen da ya fi taimakon mabukata a garinsu.

Ranar da ta miƙe a taron maza

Duk da wannan nasara, manyan 'yan kasuwa baƙaƙen fata ba su ɗauki sana'arta da muhimmanci ba. Jagoransu a lokacin shi ne Booker T. Washington, shugaban makarantar Tuskegee, wanda ya kafa ƙungiyar 'yan kasuwa baƙaƙen fata ta ƙasa a 1900. A taron ƙungiyar na 1912 a Shikago, Madam ta nemi a ba ta dama ta yi magana, amma aka yi ta tsallake ta. A ranar ƙarshe sai ta miƙe daga kujerarta ba tare da an kira ta ba, ta gabatar da kanta. Ta shaida wa taron cewa daga gonar auduga ta fito, ta wuce bahon wanki, ta wuce ɗakin girki, sannan ta ɗaga kanta da kanta zuwa sana'ar haɗa kayan gashi, kuma masana'antarta a kan filinta ta gina ta.

Shekara na zagayowa, sunanta yana cikin jerin masu jawabi a taron ƙungiyar. A 1913 ɗin kuma, da Washington ya je Indianapolis buɗe ginin ƙungiyar matasa ta YMCA na baƙaƙen fata, a gidanta ya sauka. Wannan gini ta ba da gudummawar dala 1,000 wajen yin sa, kuɗin da ya girgiza garin, ganin cewa mai bayarwar ba ta daɗe da barin wankau ba.

Dukiya da inda ta kai ta

A 1916 ta koma birnin New York, inda Lelia ta riga ta buɗe ƙasaitaccen shagon gyaran gashi a unguwar Harlem, ta bar masana'anta a hannun Ransom da Alice Kelly. Ta sa wani baƙar fata masanin zanen gine-gine, Vertner Tandy, ya zana mata gida a garin Irvington, a gaɓar kogin Hudson, yankin da manyan attajirai Turawa irin su iyalan Rockefeller suke da gidaje. Gidan, mai suna Villa Lewaro, yana da ɗaki 34, ya ci kimanin dala 250,000, kuma ta tare a cikinsa a 1918. Masu suka sun ce almubazzaranci ne. Ita kuwa ta ce ta gina shi ne don yaran baƙaƙen fata su gani da idonsu abin da mace irinsu za ta iya.

Ba a gini kaɗai kuɗinta ya tafi ba. Ta biya wa ɗalibai kuɗin karatu a Tuskegee, ta taimaki makarantu da gidajen marayu da na tsofaffi, ta kuma ba da gudummawa wajen ceto gidan Frederick Douglass, shahararren ɗan gwagwarmayar yaƙi da bauta, don ya zama wurin tarihi. Ta sha bayyana burinta na kafa makarantar koyon sana'a a Afirka, amma rai bai kai ta ga cika shi ba.

A zamanin akwai wata muguwar al'ada a Amurka, inda gungun Turawa za su kama baƙin mutum bisa zargi kawai, su rataye shi ko su ƙona shi ba tare da shari'a ba. A watan Yuli na 1917 aka yi wa baƙaƙen fata kisan gilla a East St. Louis, tsallaken kogi daga birnin da ta yi wankau. Madam tana cikin kwamitin da ya shirya zanga-zangar shiru a New York ranar 28 ga watan, inda dubban mutane suka yi tattaki ba mai cewa uffan. Bayan 'yan kwanaki ta bi tawagar da ta je fadar shugaban ƙasa a Washinton da takardar koke, suna neman a yi dokar hana wannan kisa. Shugaba Woodrow Wilson bai gana da su ba. Wannan bai sa ta ja da baya ba, domin a 1919 ta yi alkawarin dala 5,000 ga asusun ƙungiyar NAACP na yaƙi da wannan ta'asa, kyauta mafi girma da wani mutum guda ya taɓa ba ƙungiyar zuwa lokacin.

Rasuwarta da abin da ya biyo baya

Hawan jini ya daɗe yana damunta, likitoci suna ce mata ta huta, ita kuwa ba ta daina tafiye-tafiye ba. A watan Afrilu na 1919 ciwo ya kayar da ita a St. Louis, aka mai da ita gida a jirgin ƙasa. Ta rasu a Villa Lewaro ranar 25 ga watan Mayu na 1919, sakamakon ciwon ƙoda da hawan jini, tana shekara 51. An binne ta a maƙabartar Woodlawn da ke New York. An ƙiyasta abin da ta bari tsakanin dala rabin miliyan zuwa miliyan ɗaya, kuma kundin bajinta na Guinness ya rubuta ta a matsayin mace ta farko a Amurka da ta zama miloniya da guminta. A wasiyyarta ta ce kashi biyu cikin uku na ribar da za a samu nan gaba a ba da shi ga ayyukan taimako. Idan aka lissafa, daga fara sayar da nata man zuwa rasuwarta shekara 13 ce kacal.

'Yarta, wadda ta koma amsa sunan A'Lelia Walker, ita ta gaji shugabancin kamfanin har ta rasu a 1931. A 1927 aka buɗe katafaren ginin Walker a Indianapolis, mai ɗauke da masana'anta da ofisoshi da gidan kallo. Karayar tattalin arzikin da ta fara a 1929 ta taɓa kamfanin ƙwarai, har aka yi gwanjon kayan Villa Lewaro aka kuma sayar da gidan, amma kamfanin ya ci gaba da aiki har 1981. A 1998 hukumar gidan waya ta Amurka ta buga kan sarki da hotonta, a 2020 kuma kamfanin Netflix ya fitar da wani fim mai dogon zango a kan rayuwarta, ko da yake an ƙara masa gishiri da yawa, musamman a kan rigimarta da Annie.

Akwai wani abu guda da ya kamata a lura da shi. Man sa fata ta yi haske yana da kasuwa sosai a Amurka a zamaninta, jaridun baƙaƙen fata cike suke da tallarsa, kuma da ta so da ta ci riba mai yawa a kansa. Ba ta sayar da shi ba. Sai bayan ta rasu ne kamfanin ya fito da irin wannan mai, mai suna Tan-Off.

Abin da ya shafe mu

To, 'yan uwa 'yan kasuwa, mu dawo rumfarmu. Kowa ya san katan-katan na man bilicin da suke ratsa iyakokinmu, wasu babu sunan kamfani, babu adireshi, babu bayanin abin da ke ciki, sai hoton wata farar mace da ba ta taɓa ganin man ba. Likitoci sun tabbatar da cewa da yawa daga cikin irin waɗannan mayuka suna ɗauke da sinadarin hydroquinone ko zaiba ko magungunan da bai kamata a shafa ba sai da izinin likita. Suna sa fata ta yi laushi har ta riƙa tsagewa, suna barin baƙin tabo da ba ya fita, zaiba kuma tana lalata ƙoda. Ƙasar Kwaddibuwa ta haramta su tun 2015, wasu ƙasashen Afirka ma sun bi sahu. Wadda take saye a hannunmu kuwa 'yar wani ce, wata ran ma 'yar maƙwabcinmu.

A gefe guda, ga man kaɗanya da lalle da sabulun salo a ƙasarmu, ga masu kitso da dillalai mata da suke shiga kowane gida, har inda namiji ba ya shiga. Madam Walker ba ta fara da abin da ya fi wannan ba. Ta haɗa abu mai amfani, ta auna shi daidai kowane lokaci, ta zuba a mazubi mai tsabta, ta rubuta sunanta da adireshinta, ta koya wa masu tallarta yadda ake amfani da shi, ta kuma bar musu ribar da za su riƙe gida. Hausawa sun ce gaskiya dokin ƙarfe ce. Kafin mu miƙa wa yarinyar nan mai wayar salula kwalba, yana da kyau kowannenmu ya tambayi kansa ko zai yarda a manna hotonsa da sunan rumfarsa a jikinta.

Allah ya ba mu kasuwa mai albarka, ya tsare mu da cin haram.